Rasuwar Onarabul, Takalmin da Ya Bi Mana Ƙudirin Iri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu masu cike da ƙaya, ni Labbo na Tungar Sodangi, a ƙasar Tsamaye, nake sanar da 'yan'uwa, surukai da maƙwabta, tun daga Sabon Birni har Isa, rasuwar takalmina, baƙin sau-ciki, wanda yara da manya suka fi sani da Onarabul. Ya cika a kan hanyarmu ta dawowa daga Sakkwato, cikin wannan wata na Janairun 1984, bayan gajeriyar jinya a doguwar hanya. Ƙafar hagu ce ta fara cikawa, ta dama ta bi ta washegari. Na roƙi Liman ya karanta wannan sanarwa bayan sallar Juma'a, domin bakina ba zai iya ba. Ina roƙon kowa ya zauna ya ji ta har ƙarshe, saboda a ƙarshen akwai maganar rumbun iri.

An haifi marigayi a Maraɗi. Ƙuruciyarsa ya yi ta ne a ƙafar wani jandarma, ɗan sandan can, har ya yi ritaya ya faɗa kasuwar gwanjo. A can Halliru falke, mai jigilar kanwa da tabarmi tsakanin Maraɗi da Sakkwato, ya gan shi ya kawo mana shi kyauta, a lokacin da muke cikin tsananin bukatarsa.

Ga yadda bukatar ta taso, domin baƙin da ba su sani ba. Daminar da ta gabaci ta bara ta zo mana da rowa. Sai ɗan majalisarmu ya gabatar da ƙudirin doka a majalisar jiha, cewa duk gundumar da fari ya taɓa, gwamnati ta ba manomanta irin gero da dawa kafin ruwan shuka. Muka ji a rediyo sau ɗaya, ba mu ƙara ji ba, domin rediyo ya fi son labarin buɗe gada. Dattawa suka ce a tura mutum ya riƙa duba mana jikin ƙudirin nan kamar yadda ake duba mara lafiya. Na farko da aka tura ni ne, don kawai Halliru ya yarda ya ɗora ni a kan kayansa. Na shiga zauren majalisa da takalmin taya. Ba wanda ya hana ni, gaskiya ɗaya ce. Amma daɓen wurin sumul yake, kowane taku sai takalmin nan ya ce fat, fat, har waɗanda ke zaune a ƙasa suka ɗaga kai suna neman mai tafi. Na duba ƙafar kowa, na duba fasona, na fito ban ji komai ba sai kunya. Da na dawo na faɗa, aka yi shawara a ƙofar masallaci aka yanke cewa doka ba ta magana da mai takalmin taya.

Ranar da Onarabul ya iso, aka shimfiɗa tabarma, maza suka yi layi. Akwai waɗanda suka fi ni iya baki. Akwai ƙanen Liman da ya yi firamare, yana jin Turanci daidai gwargwado, amma ƙafarsa iyo ta riƙa yi a ciki ko da an cusa auduga. Mai gari ya gwada, ya cire shiru. Ni da aka daɗe ana yi wa dariya cewa ƙafata ta raƙumi ce, ina sawa ya zauna ɗas. Haka na zama wakilin gari. A wasu wurare da ƙuri'a ake zaɓe, mu namu zaɓen takalmi ne ya yi shi, kuma ba wanda ya kai ƙara.

Marigayi mai natsuwa ne, mai sanin inda ake magana da inda ake shiru. Ƙafar dama takan ce ƙiiƙ, ta hagu ta amsa da cis, a hankali, irin muryar manyan mutane. Da muryar nan muka hau benen 'yan kallo ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Tare muka koyi karatun da ba a koya mini a makarantar allo ba. Muka gane cewa ƙudiri sai an karanta shi sau uku. A na farko sunansa kawai ake faɗa, kamar ranar suna. A na biyu a yi muhawara a kansa, wannan ya yaba, wancan ya kushe. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti, wani ɗaki mai kujeru masu laushi inda ake kwantar da ƙudiri a yi masa gyara. In ya tashi daga nan, a yi na uku, sannan gwamna ya sa hannu, abin da muka ɗauka aikin yini ɗaya ne. Mun sha zuwa a ce yau ba zama. Mun sha zama tun hantsi har azahar ana maganar kwalbati. Bai taɓa ƙorafi ba, ko da yake ya sha matse mini ɗan yatsa in ya ga ina gyangyaɗi.

Ni ma na riƙe amanarsa. Ban taɓa sa shi ya taka gona ba. A kan mota a wuyana yake tafiya, rataye da igiyoyinsa, takalmin taya na yi masa aikin ƙarfi. Wuri biyu kawai yake sauka ƙasa: daga bakin titin majalisa zuwa ciki, sai kuma daga tsamiyar bakin gari zuwa ƙofar masallaci. Wannan na biyun al'ada ya zama. Mata na cikin gida, da sun ji ƙiiƙ, cis, sun san labari ya zo, sai a leƙo ta kan darni. Matata Uwa ita ke masa kwalliya da man kaɗe da baƙin tukunya, har lokacin da ita kanta ta daina shafa man ta bar masa. Ɗiyata Bilki, da take 'yar shekara biyar, ƙafafunta biyu take zurawa a ƙafa ɗaya ta tsaya a tsakar gida tana buga muciya a ƙasa, wai ita ce shugabar majalisa.

Kafin daminar bara ƙudirinmu ya yi karatu na farko, ya yi na biyu, ya shiga kwamiti. Yana nan kwance zaɓe ya zo. Wa'adin majalisa ya ƙare, aka gaya mini cewa duk ƙudirin da bai kai ƙarshe ba ya tafi da tsohuwar majalisa, sai dai a sake shi daga tushe. Ranar na dawo gida da murya ƙasa-ƙasa, ni da shi duka. Sannan abin da kuka sani ya faru. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bunni, muna kallo ya ƙone a tsaye. Ɗan abin da aka tsinta a fadama da gindin gawo, dattawa suka ce kowa ya zaɓo zangarniyarsa mafi kyau, a tara a rumbu ɗaya bayan masallaci, a liƙe bakinsa da laka. Aka yi alkawari a gaban Liman: ba za a fasa rumbun nan ba sai ranar da Labbo ya zo da labarin karatu na uku, domin daga ranar irin gwamnati na tafe, namu ya zama abinci. In kuwa labarin bai zo ba, sai ruwan shuka.

Sabuwar majalisa ta zauna, ɗan majalisarmu ya koma kujerarsa, ya sake gabatar da ƙudirin. Na shaide shi, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Aka yi karatu na farko, ba a daɗe ba aka yi na biyu. A lokacin mun koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Mata sun fara tona gidan tururuwa. Samari sun watse cin rani tun kafin lokacinsa. Na tsaya a ƙofar masallaci cikin Onarabul na ba da labarin karatu na biyu, ina jin kaina kamar wanda ya zo da abin arziki. Sai Inna Fatsuma, wadda 'ya'yanta suka tafi Kudu suka bar mata jikoki cike da ɗaki, ta matso har gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Labbo, kai da bakinka kac ce karatu ukku a ka yi," in ji ta. "Bara an yi biyu, bana an yi biyu. Ko akuyata ta san huɗu ta hi ukku."

Na ce mata ba haka ake lissafin ba, na bara sun mutu da tsohuwar majalisa.

"Karatu shina mutuwa?" ta ce. "Liman, wanda yak karanta izu biyu bara, in ya sake malami, sun zube?"

Na yi bayani har muryata ta dushe, marigayi na ta ƙiiƙ, cis a ƙarƙashina yana mara mini baya. Amma ciki ba ya jin bayani, kuma ba wanda ya ƙi ganewa don wauta, kowa ya zaɓi lissafin da zai kai shi ga tuwo. Kafin la'asar aka daidaita: a fasa, a fitar da rabi saboda karatu huɗun Inna Fatsuma, a mayar da laka a kan rabi saboda na ukun Labbo. Aka fasa. Gidana ma ya karɓi kasonsa, muka ci. Na ga Bilki ta lashe akushi ta yi dariya, kuma har yau ban iya cewa na yi baƙin cikin wannan tuwo ba. Rabin nan ya ƙare tun kafin ƙarshen shekara.

Yanzu ga bayanin jinyar ajali. A ƙarshen Disamba aka ce kwamiti ya gama aikinsa, da an dawo hutun sabuwar shekara za a yi karatu na uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai na bi Halliru tun da wuri, ya sauke ni a Sakkwato ya juya Maraɗi. Da zan fita gida na ga mata sun fito da turame suna wankewa. Ina kwance a rumfar tasha aka wayi gari da kiɗan soja a rediyo, aka ce sun karɓi mulki, an rufe iyaka, wato Halliru da motarsa sun maƙale a can. Ban karaya ba. Na ce wannan rigimar manya ce ta Ikko, ina ruwanta da irin gero? Na zauna jira. Guzuri ya ƙare, har na ba wata mai fura takalmina na taya ta kai wa mijinta, ta riƙa ba ni ina jiƙa maƙoshi.

Ranar da ya kamata a zauna, na goge Onarabul da gefen rigata, muka nufi majalisa. Bai taɓa yin murya mai daɗin ta ranar ba. Muka tarar da ƙofa a rufe, wani soja na zaune a kan benci. Bai yi mini tsawa ba. Ya saurare ni har na gama, tun daga karatu na farko, sannan ya ce, "Baba, babu majalisa. An rushe ta." Na tambaye shi wa zai yi mana karatu na uku. Ya ce bai sani ba. Na tambayi inda ƙudirin yake, ko a ba ni shi in kai wa wanda ya iya karatu. Ya dubi takalmina, ya dube ni, ya ce in koma gida tun da sauran rana. Na nemi ɗan majalisarmu a masaukinsa, aka ce ya kwashe kayansa.

Na ji tun da na dawo ana cewa soja ba ya son jan magana, zai karanta na ukun a yini ɗaya. Jama'a, don Allah ku saurare ni, wannan karon ba lissafin da za mu yi. Ba zaure, ba kwamiti, ba mai karatu. Ƙudirin ya riga takalmina rasuwa. Ko wata rana wani zai tuna da mu ya aiko da iri, ban sani ba, kuma ba ni da wata ƙofa da zan je in tsaya in tambaya. In rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Abin da ya rage a rumbun nan shi ne duk irin da Tungar Sodangi ta mallaka a duniya.

Da ba mota, ba abin biyan wata, sai muka kamo hanya a ƙasa. Marigayi takalmin zaure ne, bai san daji ba. Na so in rataye shi in taka da ƙafa, amma tsakuwar titi ta fi ƙarfina, shi ya ɗauke ni. Kafin Achida muryarsa ta fara shaƙewa, ƙura ta cinye ƙiiƙ ɗin. Bayan Goronyo ƙafar hagu ta buɗe baki ta gaba, ta koma cewa faƙat, faƙat, tana haɗiyar yashi tana amayarwa. Na nuna shi ga wani baduku a bakin kasuwa. Ya juya shi, ya latsa, ya ce fatar ta mutu, in ya soka basilla yagewa za ta yi, sai dai haƙuri. Na ɗaure ta da kaba muka ci gaba. A cikin busasshen gulbi tafin hagu ya rabu da jikinsa baki ɗaya. Ta dama ta yi ta maza, ta kai ni wani yini guda ita kaɗai ina ɗingishi. Muna hango tsamiyar bakin gari, daidai inda na saba saukar da shi ya yi shela, dunduniyarsa ta fita. Na tsaya na danna, na sake dannawa, ko zai ce wani abu. Ya ce cis, sau ɗaya, da muryar da ba tasa ba, shi ke nan.

Na shigo gari da tsakar rana, kowa na cikin inuwa, ba wanda ya leƙo ta kan darni domin ba abin da aka ji. Uwa na zaune kusa da turminta wankakke. Ta ga takalmi a wuyana a cikin gari, ta ga ƙafata a ƙasa. Ta tashi ta kife turmin, ta ɗebo ruwa a kasko ta fara cire mini ƙaya. Bilki na kwance a tabarma, yanzu ba ta tsayuwa sai an riƙe ta. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, an karanta? Yau za mu daka?" Na ce mata Onarabul ba shi da lafiya. Ta miƙo hannu na ba ta ƙafar dama, ta rungume, ta koma barci. Tsoro nake ji, jama'a, ina faɗa a gaban kowa, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Marigayi ya rasu ya bar igiyoyi biyu, ɗaya tasa ta haihuwa, ɗaya ta fatar akuya da aka yi masa dashe. Ya bar ƙanensa takalmin taya, wanda yanzu ke zaune a Sakkwato a gidan mai fura. Ya bar ubangidansa na farko a Maraɗi, in yana raye, da Halliru wanda har yau bai san abin da ya faru ba. Ya bar ɗan guntun man kaɗe a gwangwani, na mayar wa Uwa kayanta. Ya bar ƙafafuna biyu, marayu, waɗanda ba su da sauran wurin zuwa. Ya bar turame wankakku a kowane gida, da rabin rumbu, da wajen wata biyar tsakaninmu da ruwan shuka.

Ga tsarin jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa takalmi salla, na kuma yarda da shi. Za a taru yau bayan la'asar a bayan masallaci. Kowane gida ya zo da ƙwarya ɗaya ta laka. Za a ƙara wa bakin rumbun iri sabon yaɓe, mai kauri, a binne marigayi a cikinsa, dama a dama, hagu a hagu, a bar hancinsu a waje yadda kowa zai gani. Ina roƙon Inna Fatsuma ta fara sa hannu, ba don a kunyata ta ba, sai don jikokinta ne za su ci abin da za a shuka. Duk wanda ya zo fasa rumbun nan, ya sani sai ya tone kabarin wanda ya yi masa tafiya har ya mutu.

Ba za a yi sadakar uku ba, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Ba gumba, ba ko ƙwaya ɗaya. Masu zuwa gaisuwa daga Turba, Alkalawa, Isa ko ƙetaren iyaka, kada su kawo goro. Wanda ke da dusa, ko garin rogo, ko akuya mai ɗan nono, ya kawo, a fara da ɗakin Inna Fatsuma da sauran masu ƙananan yara. Wanda ya ji an ce ana rabon tsaba a wani wuri, ko da ji-ta-ji-ta ne, ya zo ya faɗa, za ni da ƙafata haka nan.

Zaman makoki a gindin rumbu za a yi shi, ni ne mai karɓar gaisuwa, kuma ba za ni tashi ba sai ranar da ruwa ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya. Ranar za a tone marigayi, a raba iri. Sai dai ina neman maza biyu masu ƙarfi su zauna tare da ni, waɗanda ba su da ƙaramin yaro a gida. Aikinsu ɗaya ne. In suka ga Uwa ta fito daga wurin Bilki ta tsaya daga nesa, suka ga na miƙe na ɗauki fartanya na nufi bakin rumbun nan, su kayar da ni su ɗaure da igiyoyin marigayi. Na cire su na ajiye, suna hannun Liman.

Sanarwa daga Labbo, mahaifin Bilki, a madadin iyalai.